Rigar da aka buga wasa da ita: a wanke ko a bar ta da guminta?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Rigar ɗan ƙwallon nan da kake tambaya ko a wanke ko a bari, kar ka wanke ta. Na fara da wannan ne don kar ka karanta rabi ka tashi ka jiƙa ta a bokiti. Tunda ka ce ɗan wasan da kansa ya cire ta a jikinsa ya miƙa maka bayan an tashi, kuma matsalar kawai warin gumi ne da uwargida ke ƙorafi a kai, to maganin wari daban wanki daban.

Ni ina da kala biyun duka a gida. Wadda ruwa bai taɓa ba tun ranar da aka buga da ita, ta wani yaron unguwarmu ce can gida da yake buga wa wata ƙungiyar Arewa lig, suka zo wasa nan filin Agege wajen ƙarshen kaka. Ka san 'yan lig ɗinmu ba kamar na Turai ba ne, ba kasafai suke kyauta da riga ba saboda ita ɗin za a wanke a sake sawa sati mai zuwa, shi ya sa da ya cire ya jefo min ita ta saman waya na san ba ƙaramin abu ya yi min ba. Har yau in ka ɗaga ta za ka ga wuyan ya saki ta gefen hagu inda wani ɗan baya ya riƙe shi ya finciko ina kallo alƙalin wasa ya kau da kai, a gadon baya akwai farin shatin gishirin gumi da ya zagaye lambar, kafaɗar dama da dattin faɗuwar da ya yi, kuma in ka kai hanci ƙasan rigar har yanzu akwai ɗan sauran ƙamshin man zafin nan da suke shafawa. Da babansa ya zo Legas ya sauka a wajena na ɗauko masa ita, wallahi dattijon nan ya daɗe yana shafa wajen da aka ja ɗin yana tambayata ya aka yi, nan fa, nan kuma fa, ni kuma ina ba shi labarin wasan daga jikin rigar, ƙarshe ya ce a ɗauke shi hoto da ita zai kai wa mahaifiyar yaron ta gani.

Ɗayar kuma saye na yi, mai ita ya kai ta wajen mai wanki da guga kafin ya kawo min wai don ta yi kyau. Tsaf take ba wari, iyakar yabon da zan mata kenan. Lambar baya ta tsattsage inda dutsen guga ya hau, sa hannun ya dushe, duk wanda na nuna wa sai ya ce a kasuwar Balogun na saya ko ta Yaba.

Kuma ba maganar son zuciya kawai nake maka ba, har a kasuwar manya haka abin yake. Rigar Maradona da ya ci Ingila ƙwallaye biyu da ita ranar 22 ga Yunin 1986 a filin Azteca na Meziko, har da wadda ya ci da hannu, Steve Hodge na Ingila ne ya yi musanya da shi bayan wasan ya ajiye ta shekara da shekaru, a watan Mayun 2022 kamfanin gwanjon Sotheby's ya sayar da ita fam miliyan 7.1. Kafin a sayar sai da rigima ta tashi, 'yar Maradona ta fito ta ce wannan ta kafin hutun rabin lokaci ce, ba ita ya ci ƙwallayen da ita ba. Me ya raba gardamar? Hotuna. An ɗauko hotunan wasan aka ƙara girmansu aka dinga gwadawa da rigar, yadda aka ɗinka bajon ƙirji, yadda layukan yadin suka zauna, yadda lambar baya take, da ma a gurguje aka sayo rigunan nan a cikin garin aka maƙala musu bajo da lamba saboda haka kowacce da 'yar karkatarta. Haka ake tantance yawancin manyan riguna yanzu, har guda shidan Messi na Kofin Duniya na 2022 da aka sayar dala miliyan 7.8 a Disambar 2023. To rigunan yanzu inji ne ke buga su iri ɗaya sak, dubu nawa, abin da ya bambanta taka da ta shago shi ne tabon nan, zaren nan da ya fita, wajen nan da ya saki. In ka wanke su ka goge, kamar ka kankare rubutun takardar fili ne don ta yi fari. Akwai ma wani kamfani a Holan, MatchWornShirt, da sana'arsa kenan, karɓar rigunan daga manyan kulob bayan wasa ya yi gwanjonsu, kuma abin da suke tallatawa da shi shi ne ba a wanke ba.

Na san taka ba ta miliyoyin dala ba ce, tawa ma haka, amma ko ɗanka za ka bar wa, da me za ka nuna masa cewa an buga da ita?

Sai dai fa dole in faɗa maka gaskiyar da masu cewa kar a wanke daga Turai ba sa faɗa, saboda su ba a Legas suke ba. Da a Kano ko Katsina kake da na ce rataye ta kawai iska ta gama aikin. Nan garin danshi ne ke kashe kaya, duk wanda ya yi damina ɗaya a Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba ya san yadda takalmin fata ke yin fari a ƙarƙashin gado cikin 'yan kwanaki. Gidajen adana kayan tarihi suna riƙe danshin ɗaki wajen kashi 50 cikin 100, fumfuna kuwa tana fara samun wajen zama in ya haura 65 zuwa 70, mu kuma nan a watan Yuni da Yuli sama da 80 muke kwana muke tashi. Gumi gishiri ne da maiƙon jiki, gishirin yana jawo laima daga iska, maiƙon da dattin kuma su ne abincin fumfuna, kyankyaso ma yana bin su. Yadin roba da ake rigunan yanzu da shi ba ya ruɓewa da sauri kamar auduga, amma baƙin ɗigon fumfuna in ya kama shi da wuya ya fita, kuma lambar da aka manna da zafi takan yi danƙo ta manne da jikin rigar in an ninke ta a waje mai zafi da laima. Saboda haka rigar da ba a wanke ba tana da aiki, ba jefawa za ka yi a ƙasan wadrob ka manta ba.

Abin da za ka yi yau ɗin nan, tukunna ɗauki hotonta gaba da baya da ciki da kowane tabo a kusa, ka rubuta ranar wasan da filin da ƙungiyoyin a takarda ka ajiye tare da ita. Sannan ka juya cikinta waje ka shanya ta a inuwa cikin ɗaki inda fanka ke kaɗawa, ba a rana ba don rana tana cin kala da tawadar sa hannu, ka bar ta kwanaki har ta bushe ƙayau musamman hammata da wuya. Yawancin warin nan na laima ne, ƙwayoyin cuta ke aiki a cikin jiƙaƙƙen gumi, da ta bushe sosai za ka ji ya ragu ƙwarai, abin da ya saura ba mai jinsa sai wanda ya kai hanci. Dan Allah ka roƙi uwargida kar ta fesa mata turare kuma kar ta turara ta da turaren wuta, na san da kyakkyawar niyya za ta yi, amma turaren fesawa yana narkar da tawadar maka, wato alƙalamin nan mai kauri da ake sa hannu da shi, ya bar tabon mai, hayaƙi kuma yana sa farin waje ya koma ruwan ɗorawa.

Bayan ta bushe ka samu farin ƙyallen auduga wankakke, ko tsohon zanen gado ma ya yi, ka shimfiɗa a kan lambar da sunan don kar su taɓa juna, ka ninke ta sau ɗaya ko biyu ba da ƙarfi ba, ka sa a robar ajiya mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi, da yawa ba guda ɗaya ba kuma ka riƙa canza su. Ka ɗora robar a sama, nesa da ƙasa nesa da bango, ka san bangon gidajen nan yadda yake tsattsafo da ruwa balle in unguwarku ruwa na shiga ɗaki. Kar ka ɗaure ta a leda da sauran laima a jikinta, kar kafur ya taɓa yadin, kar ka yi amfani da hangar waya irin ta masu wanki saboda tsatsa. Da damina ka riƙa buɗewa duk bayan 'yan makonni ta sha iska ka duba ta. In kuma firem kake so ka tsaya a kan mai yin, da yawansu gam suke shafawa ko su buga mata sitefula, kuma gilashin kar ya kwanta a jikin rigar, a bar rata, in ba haka ba laima za ta taru a tsakani.

Wanki sai in ya zama dole. In fumfuna ta riga ta kama tana yaɗuwa, ko kuma rigar irin ta kaka guda ce da mai kula da kayan kulob ya riga ya wanke ta sau ba adadi kuma babu sa hannu a jiki, to wanki ɗaya ba zai rage mata komai ba. Ko a nan ma fara da fitar da ita waje ka rufe hanci ka kakkaɓe busasshiyar fumfunar da burushi mai laushi, wataƙila ma ya wadatar. In bai yi ba, ruwan sanyi, da hannu, a juye, sabulun ruwa mara ƙarfi ɗan kaɗan, ba bilic ba injin wanki ba murzawa ba matsewa, ka shimfiɗa ta a tawul ta bushe, dutsen guga kuwa kar ya kusance ta. Masu wankin kemikal ma ban yarda da su ba don maganinsu yana ɓata lambar da aka manna. Kuma in wata rana za ka sayar, ka faɗa wa mai saye an wanke, amana ce.

Ba ka tambaya ba amma tunda na ga wasu a nan sun fara sha'awar saye bari in ja kunne. Tunda mutane suka gane datti na ƙara kuɗi, macuta suka fara ƙera dattin. Mutum zai tsinci riga a gwanjon Katangowa ko ya sayi jabu, ya goga mata ƙasa, ya sa yaro ya yi gudu da ita ta sha gumi, ya je shagon kwamfuta a buga masa satifiket mai hatimin zinare, sai ka gan ta a status wai mai kula da kayan 'yan wasa ne ya ba shi a ɓoye. Takardar nan ba hujja ba ce in ba daga kulob ɗin ko kamfanin gwanjo sananne ta fito ba. Wani kuma zai nuna maka ai irin ta 'yan wasa ce, yadin ba nauyi, bajon manne yake ba ɗinki ba, eh gaskiya ne akwai wannan bambancin, amma irin ta 'yan wasan ma ana sayar da ita a shago, kuma manyan ƙungiyoyi riga biyu ko uku suke tanadar wa ɗan wasa a wasa ɗaya, wata ma ba ta taɓa jikinsa ba. Dattin ƙarya yakan zauna a gaba shafe ɗaya kamar da hannu aka yi, na gaske kuwa kafaɗa ne da ƙugu da baya, wajen da mutum ke faɗuwa a kai.

Tambaya ɗaya ke tona su: wane wasa, wace rana? In ya faɗa sai ka hau intanet ka nemo hotunan wasan. Misali rigar nan ta Super Eagles ta 2018 mai zanen fari da kore da jabunta ta cika Legas tun kafin a fara gasar, a Kofin Duniya na Rasha wasa ɗaya aka sa ta, wanda Ahmed Musa mai lamba 7 ya ci Iceland biyu ranar 22 ga Yuni a Volgograd, wasan Kuroshiya da na Ajantina koriya mai duhu aka sa. To duk wanda ya kawo maka mai zanen ya ce da ita aka buga da Messi ka san inda ya dosa. Ka duba lamba, ka duba bajon hannu na gasar, dogon hannu ne ko gajere, tabon ya zo daidai da na hoton ko a'a. Kuma kar ka tura ko sisi kafin ka riƙe ta a hannunka, in ya ce sai ka fara biyan rabi kafin ya nuna maka ka ƙyale shi.

Kai dai taka daga hannun mai ita ta fito, ba ka da wannan matsalar, in ma da hali ka nemi ya yi maka ɗan saƙon murya ko bidiyo yana faɗin wasan da ya sa ta ka adana. Shanya ta yau ƙarƙashin fanka, in ta bushe ka turo hoton wuyan da hammatar mu gani ko fumfuna ta fara, kuma ka faɗa min ko akwai sa hannu a jiki da maka ne ko da biro.