Sudan da Dubai: inda raina ya kwanta da inda ya ƙi kwanciya

Ƙanena, ka tambaye mu, mu da muka daɗe a Jidda muna ɗan leƙa ƙasashen waje, wacce ce ta fi kwanta mana a rai, wacce kuma ba ma marmarin komawa. Ka ce kana tara ɗan abin da za ka yi tafiyarka ta farko da zarar an buga maka izinin fita da dawowa. Na ji 'yan'uwa sun amsa, mai cewa Turkiyya, mai cewa Malesiya, kuma duk suna da hujja. Ni dai Sudan ce a sama a wurina, Dubai kuma a ƙasa. Na san Dubai ba ƙasa ce mai zaman kanta ba, ɗaya ce daga masarautu bakwai na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, amma da sunanta muke kiran wurin a kasuwa, da shi zan ci gaba.

Sai ka san mudun da nake awo da shi tukuna. Shekarata ashirin da ɗaya a Saudiyyar nan ina sabunta iƙama, wato takardar izinin zama. Wanda ya yi wannan zaman ya san yadda fuskar mutum ke sauyawa idan ya ga koren fasfo, ya san bambancin "ya Hajji" ta girmamawa da "ya Hajji" ta a-matsa-a-ba-ni-wuri. To, duk ƙasar da na shiga abin da nake fara dubawa ke nan, kafin tituna, kafin gine-gine.

In don tituna ne da tsari, Dubai ta yi wa Sudan fintinkau, babu ma abin haɗi. Na je Dubai sau biyar saro kaya. Daga filin jirgi za ka hau jirgin ƙasan nan nasu da ba shi da direba, wanda aka buɗe a 2009, ka sauka unguwar kasuwanci ta Deira cikin sanyin na'ura, ko ƙura ba ta taɓa ka ba. A kasuwar Naif da kewayen Baniyas kana iya gama sayayyar turare da waya da mayafai a yini biyu, ka miƙa wa masu kago, kaya su riga ka isa Kano. Kuɗinsu ma ba ya wahalar da ɗan Jidda, dirhami da riyal kusan kunnen doki suke, dala ɗaya dirhami 3.67, riyal kuma 3.75. Masallatai ko'ina, da tsafta. Ka manta jaka a tasi, akwai kyakkyawan zaton za ta dawo. Burj Khalifa mai tsawon mita 828 na je na ɗaga kai na gani kamar kowa. Abin da na fi so a garin kaf shi ne kwalekwalen katakon da suke kira abra, wanda ke tsallakar da mutane daga Deira zuwa Bur Dubai a kan dirhami ɗaya. A cikinsa ne kawai na ga ɗan Pakistan da Bature da ɗan Najeriya sun zauna kafaɗa da kafaɗa a benci guda.

Sudan kuwa tun daga shiga za ta gwada haƙurinka. A azumin 2017 na je, ta ruwa, domin wani abokin cinikina Bahaushen Wad Madani ya daɗe yana cewa in zo in ga gida. Jirgin ya tashi daga tashar Jidda da dare, muka wayi gari a Sawakin, tashar da aka sa wa sunan Usman Digna. Layin duba kaya ya ci mana rabin yini, ga rana, ga bakin azumi. Dole baƙo ya yi rajista da hukuma cikin kwana uku. Katin banki na waje ba ya aiki a lokacin saboda takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba musu tun 1997, sai abin da ka ƙulle a lalitarka. Wuta tana ɗaukewa. Wata rana a Khartum na ga guguwar da suke kira habub ta taso kamar katangar jan ƙasa, cikin 'yan mintoci la'asar ta koma magariba. Duk wannan gaskiya ne, ban rage maka komai ba.

Amma ka ji abin da ya faru a hanyar Madani zuwa Khartum. Muna cikin bas, saura kamar minti goma a sha ruwa, sai direba ya taka birki. Na leƙa, sai ga dattawa da samari sun tare titi, biyu daga cikinsu sun warware rawani sun ja shi daga wannan gefe zuwa wancan. Gabana ya faɗi, na ɗauka wani abu ne. Na kusa da ni ya ce, "Sauko, ya zol, buɗa-baki ne." A gefen titi an shimfiɗa tabarmi a jere, kowane gida na ƙauyen ya fito da tirensa. Wani tsoho ya kama hannuna da hannayensa biyu yana ta "itfaddal, itfaddal", har da rantsuwa cewa ba zan wuce tabarmarsa ba, shi da maƙwabcinsa suna ja-in-ja a kan wa zai samu baƙi. Aka miƙo mini kofin hilu-mur, abin sha mai duhu da ake yi da tsiron dawa da kayan ƙamshi, zaƙi-zaƙi da ɗan tsami. Ga dabino, ga dafaffen wake da suke kira balila, ga asida da miyar busasshiyar kuɓewa, wadda in ka rufe ido tuwon dawa ne da miyar kuɓewa na gidanmu. Muka yi sallah a kan tabarmin nan, aka kawo shayi, muka koma mota. Babu wanda ya tambayi sunana, balle fasfona. Kuma kana ganin gidajen ka san ba masu hali ba ne. Har yau in na tuna hannun tsohon nan mai kaushi a kan nawa sai idona ya kawo ruwa.

A Dubai kuwa, tafiyata ta huɗu zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyu a wani ƙaramin otal na Deira. Sau ɗaya aka buga wayar ɗakin, don a ji ko zan ƙara kwana, in kuwa zan ƙara a biya kafin azahar. Ban ga laifin yaron da ya bugo ba, shi ma baƙo ne mai tsoron aikinsa. Abin da ya sa garin yake haka ke nan a ganina: kusan mutum tara cikin goma na mazauna ƙasar 'yan ci-rani ne, kowa da ranar da takardarsa za ta ƙare, kowa na ƙirga abin da zai aika gida. Wa zai karɓi baƙo, alhali kowa baƙo ne? Na yi zuwa biyar ban taɓa shiga gidan ɗan ƙasa ba, ban ma yi hirar minti biyar da ko ɗaya ba in ban da masu buga hatimi a filin jirgi. A wani otal ɗin kuma, an ce mini akwai ɗaki, da na ajiye fasfo a kan kanta sai ɗakin ya zama babu. Sannan ka tuna abin da ya faru a 2022, lokacin da aka daina ba 'yan Najeriya biza, jiragen Emirates ma suka daina zuwa, ba a sake buɗe bizar ba sai a Yulin 2024. 'Yan kasuwa nawa ne jarinsu ya maƙale a tsakani? Na yarda wasu 'yan ƙasarmu sun ɓata mana suna a can, ba na musun wannan. Amma zafi ne a yi maka kuɗin goro da wanda ba ka taɓa gani ba, bayan ka shekara da shekaru kana zuba kuɗinka a kasuwarsu.

Ta fannin abinci, a Dubai akwai na duk duniya, daga biryani har tuwo, in dai aljihunka zai ɗauka, shayin karak ma yana da daɗi. A Sudan abincin kala kaɗan ne: ful, wato dafaffen wake, da man riɗi da safe, kisra, asida, sai zoɓo da tsamiya da kuka da suke jiƙawa a sha, su ce karkade, aradeb, gongolez. Sai dai ba a cinsa a kaɗaice. Ka wuce mutane suna ci a tire guda, sai sun kira ka. A bakin titi za ka ga randunan ƙasa a jere ƙarƙashin inuwa, da moɗa, an ajiye don mai wucewa. Ga mata masu shayi a gindin bishiya da kujerunsu 'yan ƙanana, suna dafa gahawar jabana da citta, kana zama hira ta same ka.

Abin da ya ƙarasa kama ni shi ne namu na can. Wata dare a Umdurman na ji ƙamshin da ban yi zaton ji ba, na bi shi, sai ga mai tsire yana juya tsinke a gefen wuta, nama ya sha ƙuli-ƙuli da yaji. Agashe suke ce masa a duk Sudan, kuma kunnen Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan suna. Na yi masa sallama da Larabci, na ce "sannu da aiki" don in gwada. Ya ɗago kai ya ce, "Yawwa, sannu kadai, daga ina?" Hausarsa tsohuwa ce, irin ta kakanninmu, da Larabci a cakuɗe. Bai taɓa ganin Kano ba. Ya ce kakansa ne ya taso da ƙafa zai je Makka, yana tafe yana noma yana tara guzuri, ya sauke farali, a hanyar komawa ya tsaya a Jazira, yankin noma da Wad Madani take ciki, bai ƙara gaba ba. Irinsu suna da yawa a Gadarif da Kasala da Sinnar, da guminsu aka noma audugar Jazira da riɗin Gadarif. Abokina ya kai ni Mai Wurno, kudu da Sinnar kaɗan a bakin Shuɗin Nilu, garin da ya samo suna daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Bayan Turawa sun kashe Attahiru a Burmi a 1903, ɗan nasa ne ya ja ragowar jama'a suka yi gabas har suka zauna a nan. Tun ina yaro nake jin labarin hijirar Attahiru a bakin malamai, ban taɓa zaton zan yi sallar Juma'a a sahu ɗaya da jikokin waɗanda suka bi shi ba. Mu da ke zaune a Hijaz ana ce mana Takari, ya kamata mu san ta wannan hanya ce magabatanmu suka iso, ta Sawakin ɗin nan da na sauka, suka tsallako Bahar Maliya a jiragen katako.

Kada ka ɗauka na ce Sudan aljanna ce ga Bahaushe. Kalmar Fallata da suke kiran duk wanda asalinsa yamma ne, wani lokaci suna ne kawai, wani lokaci kuma gori ne, ka ji ana ce wa wanda kakansa a can aka haife shi ba ɗan ƙasa ba. Abokina ya ba ni labarin wahalar da wasu danginsa suka sha kafin su samu takardar zama 'yan ƙasa. A Yulin 2022 rikicin ƙasa ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, aka rasa rayuka fiye da ɗari, dubbai suka bar gidajensu. Na san da wannan, yana kuma yi mini ciwo. Duk da haka abin da na gani da idona a wurin talakan Sudan, na karamci ga wanda bai sani ba, ban gan shi a wata ƙasa ba, har da wannan da muke zaune cikinta, in ka cire lokacin azumi a Harami.

Yanzu ga maganar tafiyarka. Tun ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun kai ɗaukin gaggawa da ake kira RSF, Sudan ba wurin zuwa yawo ba ce. Kai ma ka ga jiragen ruwan da suka riƙa sauke mutane a tashar Jidda daga Bur Sudan a makonnin farko. Miliyoyi sun rasa matsuguni. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025, kuma ƙauyukan Jazira, irin wanda aka tare mu da rawani, sun ga bala'in da baki ba zai iya faɗa ba. Don haka ba zan ce ka je yanzu ba, ko kusa. In kasuwa ce ta kai ka, je Dubai, ka tabbatar bizarka ta fito kafin ka yanki tikiti, ka kama otal tun daga nan da shaida a wayarka, kada ka wuce kwanakin da aka ba ka ko da yini ɗaya domin za a ci ka tara, ka gama sayayyarka ka dawo. In kuma hutu kake so da ganin duniya, bi shawarar masu cewa Malesiya ko Turkiyya.

Abokina na Madani ya gudu da iyalinsa Gadarif lokacin da garin ya faɗi, suka yi fiye da shekara a ɗaki guda a gidan wani ɗan'uwansu. Bayan sun koma ya kira ni. Ya ce an kwashe komai, har ƙofofi da wayoyin wuta na cikin bango, sai gadajen igiya biyu da aka bari a tsakar gida. Na tambaye shi me zan aiko, ya ce maganin hawan jini na mahaifiyarsa da fitila mai aiki da hasken rana. Na ba wani mai zuwa Sawakin ya kai masa. Da kayan suka isa ya sake bugowa, muka daɗe muna magana, kafin ya ajiye ya ce in hanya ta yi kyau in zo da azumi, gado ɗaya nawa ne. Na ce masa in Allah ya yarda, kuma ina nufin hakan.