Gidan zane-zane na Nike a Legas: wurin da kowace alama take da labari

Gidan baje kolin zane-zane na Nike, wanda yake unguwar Lekki a Legas, dogon bene ne fari da aka buɗe a 2009, kuma an ƙiyasta cewa yana ɗauke da ayyuka kusan 8,000, tun daga zanen fenti da sassaƙen itace da ƙarfe har zuwa rinannen yadi da aikin duwatsun ado. Ba a biyan kuɗin shiga, kuma ba a matsa wa baƙo sai ya sayi wani abu, ko da yake ayyukan da yawa na sayarwa ne. Mai gidan, Nike Davies-Okundaye, an haife ta a 1951 a Ogidi da ke Jihar Kogi ta yanzu, kuma a hannun iyaye mata na danginta ta koyi rinin adire, wato rinin yadi da baba irin na Yarabawa, tun tana yarinya.

Abin da ya sa nake ganin wurin ya cancanci a ware masa yini guda shi ne yadda almara da imanin gargajiya na Yarabawa suke zaune a cikin ayyukan. Mace mai jelar kifi da take yawan fitowa a zanen masu bin salon Osogbo, babban birnin Jihar Osun, ba ado ba ce kawai, domin sau da yawa ishara ce ga Osun, ɗaya daga cikin ababen bautar gargajiya na Yarabawa, wadda a al'adarsu ake dangantawa da kogi da haihuwa, ake kuma yi mata biki duk watan Agusta a kurmin Osogbo da Hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Salon ya samo asali ne daga horon da wasu Turawa biyu, Ulli da Georgina Beier, suka shirya wa matasa a Osogbo a shekarun 1960, inda aka sami mai zane Twins Seven-Seven, wanda ya rasu a 2011. Sunan nasa ya fito ne daga labarin cewa mahaifiyarsa ta haifi tagwaye sau bakwai, shi kaɗai ya rayu. Yarabawa suna kiran irin wannan yaro abiku, Bahaushe kuwa ya san shi da ɗan wabi, kuma wanda ya riƙe wannan a ransa zai fahimci dalilin da ya sa iskoki da dabbobi masu siffar mutane suka cika zanensa da na waɗanda suka biyo sahunsa.

Sashen adire shi ya fi riƙe ni. Ana zana kullun rogo a kan farin yadi da gashin kaza, a tsoma shi cikin baba, sannan a kankare kullun, sai zanen ya fito da haske a kan shuni mai duhu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano zai gane launin nan take. Sai dai a nan an raba yadin gida-gida, kowane gida da tsuntsunsa ko macijinsa ko ganyensa, kuma zane guda yana da sunansa, kamar Olokun, wato abin da suke ɗauka shi ne mai mulkin teku. Wannan bai kamata ya zama baƙon abu gare mu ba, mu da muke da dagi a bangon gida da aska takwas a gaban babbar riga.

Na san akwai masu karatu da za su yi ɗari-ɗari da hotunan abubuwan bautar wasu, kuma ina girmama wannan. Ni dai na shiga ne domin in san yadda maƙwabtanmu suke bayyana tsoronsu da fatansu game da haihuwa da mutuwa da gaibu, kuma na fito da sanin da ban shiga da shi ba.

Shawarata ga mai niyyar zuwa ita ce ya je da hantsi, ya fara daga hawa na sama ya riƙa saukowa, kuma ya yi ta tambayar ma'aikatan gidan ma'anar abin da ya gani, domin na same su da sakin fuska da haƙurin bayani. Wanda Legas ta yi masa nisa, gidan yana da reshe a Abuja, akwai kuma cibiyarsa ta koyar da sana'a a Osogbo wadda Nike ta kafa tun 1983.