Mota ta tsaya, bashi yana tafiya

Yaya, ina gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Ka ce in gaya maka gaskiya game da ɗanmu da ya sauka Amurka yake son ɗaukar mota ta hannu a bashi: idan ta lalace kafin ya gama biya, wa ke da asara? Shi ne, Yaya. Mota za ta iya yin wata da watanni a gareji, amma ranar biya ba ta matsawa. Kuɗin zai ci gaba da fita daga asusunsa, ga na inshora a kai, ga na bakanike. Inda ƙasa ta bambanta da ƙasa shi ne ko akwai ƙofar da mutum zai ƙwanƙwasa a saurare shi.

A nan Ingila ƙofar tana nan, kuma a buɗe take. Akwai dokar kare mai saye ta 2015 da ta ce duk motar da dillali ya sayar, ko tsohuwa ce, dole ta kasance da ingancin da ya dace da shekarunta da kuɗinta, ta kuma zama yadda aka siffanta ta. Idan aibin da ta zo da shi ya bayyana cikin kwana 30, kana da ikon mayar da ita a ba ka kuɗinka cif. Bayan haka har zuwa wata shida, doka tana ɗauka cewa da ciwon aka sayar maka da ita, sai dillali ya kawo hujjar cewa ba haka ba ne. Dama ɗaya ake ba shi ya gyara ko ya sauya. In gyaran bai yi ba sai ya karɓi abarsa, ya cire kuɗin morar da ka yi. Da zarar wata shida ya wuce, kai ne za ka nemo hujja. Taya da ya cinye ko birki da ya kai lokacin canji ba sa cikin wannan lissafin, kuma wanda ya saya a hannun mai mota kai tsaye ba shi da mafi yawan wannan kariyar.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin biya wata-wata da yawancin mutanenmu ke shiga. A takarda, motar ta kamfanin bashi ce har sai ka biya kason ƙarshe. Tunda tasu ce, su ke da alhakin ingancinta, don haka su za ka rubuta wa kokenka, ba dillali kaɗai ba. Suna da mako takwas su ba da amsa. In amsar ba ta gamsar da kai ba, sai ka kai ƙara ofishin Ombudsman na harkar kuɗi, wato hukumar da ke raba gardama tsakanin jama'a da kamfanonin kuɗi, kyauta, ba sai da lauya ba. Wata dokar ta 1974 kuma ta ce idan ka biya kashi ɗaya cikin uku na jimillar kuɗin, ba za su ƙwace motar ba sai da umarnin kotu. In ka kai rabi, kana iya miƙa musu makulli ka ce ka fita, muddin ka kula da ita yadda ya kamata. Wanda ya karɓo bashinsa daga banki da kansa ya je ya biya dillali, shi kam banki ba ruwansa da motar.

Duk da wannan gatan, a nan ma mutanenmu suna faɗuwa, kuma wuri ɗaya ne. Mutum ya ji haushi, ya ce ba zai ƙara biyan ko sisi ba a kan motar da ba ta tashi, ya dakatar da cirar kuɗin. Haushin nasa yana kan gaskiya, ban musa ba. Amma daga ranar ya zama wanda ya karya yarjejeniya, kuma tabon yana zama a tarihin bashinsa shekara shida. Da shi zai je neman hayar gida, da shi zai je neman layin waya. Ka ci gaba da biya kana koke a rubuce, in ka yi nasara a lissafa abin da za a mayar maka.

Amurka kuwa, inda yaron yake, abin ya fi tsauri. Tun 1985 dokar tarayya ta wajabta wa dillalai su manna takarda a gilashin kowace mota ta hannu, mai nuna ko akwai garanti ko kuwa yadda ka gan ta haka za ka ɗauke ta. Idan na biyun aka yi wa alama ka sa hannu, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Inji ya buga washegari, naka ne. Maganar da ake yaɗawa cewa kana da kwana uku ka mayar da mota, babu ita ga motar da ka je wurin dillali ka saya. Sauran kuma ya danganta da jiha. A New York, alal misali, motar da ta yi mil 80,000 zuwa 100,000 dole dillali ya ba ta garantin kwana 30 ko mil 1,000, wadda ba ta kai haka tafiya ba kuma garantinta ya fi tsawo. Jihohi da yawa ba su da irin wannan.

Wani abokina da ke Texas ya shiga wannan halin, kuma labarinsa ne ya sa nake rubuta maka da tsawo haka. Ya ɗauki mota a irin wuraren nan da dillalin ne da kansa ke ba da bashin, masu karɓar baƙon da ba shi da tarihin bashi su ɗora masa kuɗin ruwa mai nauyi. Ba ta daɗe ba giyabos ya fara ƙara, tana fizga in za ta canza giya, har ta daina ja gaba ɗaya. Albashi ɗaya ba zai ɗauki gyara da biya ba, sai ya zaɓi gyara. Wata safiya ya fito da jakar aiki ya tarar da wurin da ya ajiye ta fayau, sai ɗigon baƙin mai a ƙasa. Janwe ya zo cikin dare. A mafi yawan jihohin Amurka ba a bukatar kotu kafin a ɗauke mota, in dai ba a yi rigima ba. Suka kai ta gwanjo, ta tafi a ƙasa da abin da ake binsa, suka haɗa cikon da kuɗin ja da na ajiya suka aiko masa. Yana hawa bas zuwa aiki yana biyan bashin motar da wani ke tuƙawa, kuma tabon zai bi shi shekara bakwai. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, don mutum ne mai riƙon amana, takardar ce kawai bai fahimta ba.

Akwai ɗan sauƙi guda: idan dillali ne ya haɗa bashin kuma ya yi ƙarya ko ya saɓa garantin da ya rubuta, doka ta ba mai saye damar ɗaga wannan ƙorafin a kan kamfanin da ke riƙe da bashin. Sai dai wannan hanya ce ta lauya, ba ta baƙon da ya zo jiya ba.

Don haka ka gaya masa, in zai iya haƙuri ya tara ya sayi ƙarama kuɗi hannu, ya fi masa, ya kuma huta da zancen kuɗin ruwa. In dole sai bashi, ya ɗauki lambar jikin motar mai harafi da lamba 17 ya binciki tarihinta, ya biya bakaniken da ba na dillalin ba ya ɗaga ta ya duba ƙarƙashi, ya tuƙa ta har inji ya yi zafi. Dillalin da ya hana a duba, a bar masa motarsa. Duk alkawarin da aka yi masa da baki, ya sa a rubuta a kan takardar gilashin nan kafin ya sa hannu, ya kuma karɓi kwafinsa.

A gaida Inna da yara.