Gargaɗi: Naira 185,000 ta tafi a kan "idon maciji"

Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan saboda kunya, amma tun da na ga mutumin da ya damfare ni ya buɗe wani zaure a Telegram da sabon suna, na gane shirun da nake yi taimakonsa nake yi. Naira 185,000 ya karɓe mini cikin kwana tara, kuma da hannuna na tura masa su kashi uku, babu wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Mafi yawansu kuɗin gyaran rufin ɗakin mahaifiyata ne da nake tarawa tun bayan ƙaramar Sallah.

Wasan da ya ja ni ciki na dayis biyu ne, irin wanda muke kaɗawa a lido, kowanne da fuska shida. A gidajen cacar Amurka, inda ake kiran wasan kiraps, idan dayis biyun suka tsaya kowanne yana nuna ɗigo ɗaya tal, sai su ce an jefa snake eyes, wato idon maciji, domin ɗigon nan biyu suna kallon mutum kamar idanun maciji. Jifa ce ta rashin sa'a a wurinsu, domin in ta fito a jifar farko, duk wanda ya zuba kuɗi a bayan mai jifa ya faɗi nan take, kamar yadda yake faɗuwa in uku ko goma sha biyu suka fito. Sai dai akwai wani gurbi daban da mutum zai sa kuɗi a kan cewa jifa mai zuwa idon maciji ce, in ya dace a ba shi ninki talatin. A kan wannan gurbin mutumin ya kafa tarkonsa.

Duk wannan bayani daga bakinsa na fara jin sa, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da na bincika daga baya na tarar gaskiya ya faɗa. Har tarihi ya ba ni, cewa Romawan zamanin da, jifar da ta fi muni a wurinsu "kare" suke ce mata, kuma wannan ma gaskiya ce. Ya ce mini fuska shida sau fuska shida ya ba da hanyoyi 36, kuma hanya ɗaya ce kawai a cikinsu take ba da ɗaya da ɗaya, alhali bakwai tana da hanyoyi shida. Ni malamin makaranta ne, na koyar da lissafi a ƙaramar sakandare, na ɗauki biro na zana jadawalin a bayan takardar jarrabawa, na ga haka yake. Saboda haka kada wani ya ce mini wawa ne ya faɗa hannun ɗan damfara. Mutumin da ya gaya maka gaskiya tara, ta yaya za ka san ta goma ce ƙaryar?

Ta goman kuwa ita ce, wai yana da manhajar da ke ƙirga jifa, idan aka yi 35 idon maciji bai fito ba, to ta 36 dole shi ne. Ya ce wannan ba caca ba ce, lissafi ne, domin caca ita ce abin da ba ka san ƙarshensa ba. Na karɓi wannan fatawar daga bakin ɓarawo saboda zuciyata tana so, Allah ya yafe mini.

Daren da na amince da shi ba zan manta ba, kullum sai ya dawo mini. Bayan sallar isha'i ne, ina zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, wuta ta ɗauke, sai ya kira ni ta bidiyo yana nuna mini fuskar kwamfutarsa. Ya ce, "Malam, zuba ido, biyu za su wuce, ta ukun namu ce." Ta farko takwas, ta biyu biyar, ta uku kuwa sai ga ɗigo biyu baƙaƙe a kan fararen dayis. Na miƙe tsaye ban sani ba. Wannan "Malam, zuba ido" ɗin har yanzu ina jin sa a kunnena, da muryar nan tasa mai sanyi kamar ta mai wa'azi. Bai faɗo mini a rai ba ko sau ɗaya cewa shafin da ake jifar nasa ne, shi ya gina shi, kuma abin da ya ga dama shi zai fito.

Washegari na tura 25,000 kuɗin manhaja. A'a, kafin wannan akwai naira 200 da ya ce in gwada da ita, wadda ta ci, ya turo mini 6,000 cif a asusuna na banki, na gani da idona, na sayi kati da ita har na ba yara kuɗin tara. Wannan 6,000 ita ce ƙugiyar. Bayan ita ne na tura 25,000, sai 60,000 na jari ranar Laraba ko Alhamis, sai shafin ya riƙa nuna mini kuɗina suna hawa har suka haura naira 900,000. Da na nemi cirewa aka ce sai na biya 100,000 kuɗin haraji da tantance asusu. Na kira shi, ya ce, "Haba Malam, mutum mai miliyan a hannu zai tsaya jayayya a kan dubu ɗari?" Na ranci 40,000 a wurin abokin aikina na cika na tura. In ka haɗa 25,000 da 60,000 da 100,000, naira 185,000 ke nan. Kafin sallar Juma'a an cire ni daga zauren, lambarsa kuma ba ta shiga.

Ƙanena da ke karatu a jami'a shi na fara gaya wa, kuma shi ya zauna da ni ya warware mini abin da ya kamata in gani da kaina. Ya ce, "Yaya, dayis ba ya tuna jiya." Kowace jifa sabuwa ce, damar idon maciji a jifa ta 36 daidai take da damarsa a jifar farko, ɗaya cikin 36, wato ƙasa da kashi 3 cikin 100. Ya danna na'urar lissafi ya nuna mini cewa yiwuwar a yi jifa 36 a jere ba tare da idon maciji ya leƙo ko sau ɗaya ba ta kai wajen kashi 36 cikin 100. Sannan ya ƙara mini da abin da ya kashe mini jiki: ko a gidan cacar da ba a taɓa dayis ɗin ba, ninki talatin ɗin nan kansa cuta ce, domin adalcin lissafi ninki 35 ne. In ka sa naira 100 sau 36 ka fitar da 3,600, in ka ci sau ɗaya kamar yadda lissafi ya nuna za ka koma da 3,100, gidan ya riƙe 500, kusan kashi 14 cikin 100. Wato ko da mutumin nan mai gaskiya ne, asara na je saya. Wannan lissafin ɗan aji uku zai iya yin sa, ni kuma da nake koyar da ɗan aji ukun ban yi ba, saboda na riga na ga 6,000 a wayata.

Na je banki da shaidar turawa, suka karɓi ƙorafina, amma da ma'aikaciyar ta tambaye ni dalilin tura kuɗin sai bakina ya yi nauyi, domin da wane ido zan ce caca? Ina ganin da wannan kunyar suke cin kasuwarsu a wurinmu, sun san mafi yawanmu za mu haɗiye abin mu yi shiru. Har yau mahaifiyata ba ta sani ba, tana dai tambaya yaushe mai kwano zai zo, damina kuma ga ta nan tafe.

Ina da hotunan hirarmu duka, da rasit uku na 25,000 da 60,000 da 100,000, da hoton shafin lokacin da yake nuna mini 900,000 na ƙarya. Zan ɗora su da zarar na rufe sunana da lambar asusuna a jiki. Duk wanda ya ce muku yana da manhajar da ke hango dayis, ku toshe shi, kuma kada ku biya kuɗi don a sakar muku kuɗi. In kuma akwai wanda wani mai sanyin murya ya taɓa ce wa "zuba ido, ta ukun namu ce," ya neme ni mu haɗa shaidunmu mu kai ƙara tare, domin ni kaɗai na kasa buɗe baki a gaban 'yan sanda.