Gargaɗi ga masu kwamfutar tebur a Garwa game da masu musanya akwatin wuta

Ina jan hankalin duk mai kwamfutar tebur a Garwa da kewaye, musamman masu shagunan buga takardu da fotokwafi, da makarantun koyon kwamfuta, da ƙananan ofisoshi, game da wasu mutane da ke yawo da jakar kayan gyara suna kiran kansu gwanaye, alhali abin da ya kawo su shi ne kwashe kayan kirkin da ke cikin na'urar su sa na banza a madadinsu, musamman akwatin wuta, wato ɓangaren da ke karɓar wutar bango ya raba wa sauran kayan ciki. Ba su da shagon da za a je a same su, lambar wayarsu kuma ba ta daɗewa take daina shiga.

Mutum zai shigo da sallama, ya gaisa cikin ladabi, ya kasa kunne kusa da kwamfutar, sannan ya ce: "Alhaji, tun yaushe take wannan ƙara? Akwatin wutarta ya kusa fashewa, idan kuwa ya tashi, da babban allo da duk takardunka zai tafi." Babban allo shi ne farantin da dukan kayan cikin kwamfutar ke jone a kansa. Daga nan sai mutumin ya nemi kafin alƙalami na sayen sabo, ya ce aikin sai a wurinsa. Zai dawo da ita shiru, mai ita ya biya yana godiya, bai san cewa ƙurar fanka kawai aka hure ba, akwatin wutar asali kuwa ya tafi kasuwa, wani lokaci har da ɗaya daga cikin katunan RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita lokacin da take kunne. Haka aka yi wa wani ɗan'uwanmu mai shagon buga takardu, kuma bai farga ba sai da na'urar ta fara mutuwa da kanta ana tsakiyar aiki, aka buɗe aka tarar da tsohon akwati mara nauyi an liƙa masa sabuwar takarda.

Abin da ya sa zancensu ke shiga shi ne ƙarar gaskiya ce, kowa yana jin ta. Hunturu yana cika fankoki da ƙura, zafin Maris da Afrilu a nan yana wuce digiri 40, dole fanka ta ƙara gudu ta ƙara kuka. Sannan yawancin na'urorinmu na hannu ne da ke shigowa ta Duwala, irin HP da Dell na ofis, kuma da yawa daga cikin ƙananansu suna da akwatin wuta mai siffa da bakin waya na musamman wanda ba kowane ke shiga ba, shi ya sa na asali yake da daraja a wurin masu saye.

Kowace ƙara tana da mafari, kuma ana iya gano shi a gaban mai kaya ba tare da an fita da komai daga shago ba. Gurnani ko karkarwa da ke tashi da safe ta lafa bayan na'urar ta ɗumama, galibi fanka ce da ƙura ta yi mata nauyi ko tsakiyarta ta gaji. Idan kuma ƙarar tana kama da ta kati a jikin wayar keke, a duba ko wata waya ce ke taɓa fukafukin. Mai gyara na gaskiya zai cire murfin gefe, ya tsayar da fankar jikin kwamfutar na daƙiƙa ɗaya ko biyu ta hanyar danna tsakiyarta, a ji ko ƙarar ta ɗauke, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har a kai ga mai laifin. Fankar da ke cikin akwatin wuta ita kaɗai ce ba a zura mata yatsa ko ƙarfe.

Akwai siririn fito mai tsini da ke canzawa idan aiki ya yi nauyi. Wannan daga naɗin wayar tagulla yake fitowa, yana damun kunne, amma shi kaɗai ba alamar gobara ba ce, kuma a kansa ne aka fi tsorata mutane a banza. Ƙarar "ƙyas-ƙyas" mai maimaituwa, tare da nauyin buɗe takardu, daga faifan ajiya mai juyawa take zuwa, kuma abin gaggawa a nan shi ne a kwafe takardu masu muhimmanci a ranar. Sauya akwatin wuta ba ya gyara faifan da ya fara lalacewa. Wanda faifansa SSD ne ya sani cewa babu abin da ke motsi a cikinsa, don haka duk wanda ya ce shi ke ƙwanƙwasawa, ko bai san aikin ba ko yana da wata manufa. Kukan "tit-tit" da ake ji lokacin kunnawa kuwa saƙo ne daga babban allo, sau da yawa katin RAM ne bai zauna daidai ba.

Ba ina cewa akwatin wuta ba ya lalacewa ba. Idan aka ji tartsatsi, ko ƙarar soyuwa, ko warin ƙonewa daga bayan na'urar, a zare wayar daga bango nan take, kada a sake kunnawa. Kada kuma kowa ya kwance akwatin da kansa, domin wutarmu volt 220 ce, kwandansar da ke ciki, wato ɓangaren da ke tara wuta, tana ɗaukar sama da volt 300, kuma tana iya riƙe su bayan an zare waya. Amma ko a wannan halin hujja ake nema: a akwatin da aka saba gani mai bakin waya mai fil 24, mitar auna wuta za ta nuna layukan volt 12 da 5 da 3.3, kuma na 12 ya kamata ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6. Wanda ya yanke hukunci da kunne kawai, babu mita a jakarsa, bai cancanci a ba shi kuɗi ba.

Shawarata ita ce tun yau, ba sai ƙara ta taso ba, kowa ya kashe na'urarsa ya zare waya, ya buɗe murfin gefe, ya ɗauki hoton takardar da ke jikin akwatin wuta da lambarta, da katunan RAM, da faifan ajiya, ya kuma sa musu wata 'yar alama da shi kaɗai ya sani. Idan gyara ya zo, a yi shi a gabanka ko gaban yaron shagonka. Idan dole ne a fita da ita, a kai ta shagon da aka sani da hannunka, a rubuta abin da ke ciki, a karɓi rasit, tsohon kayan da aka cire kuma a mayar maka da shi. Sabon akwatin a ɗaga shi a ji nauyinsa, domin wanda aka rubuta wat 500 a jikinsa amma ya fi tsohon sauƙi ƙwarai abin tuhuma ne, kuma takardar 80 Plus (alamar cewa akwatin ba ya ɓarnar wuta) da aka manna ba ta isa shaida ba tunda ana buga ta jabu. Idan yana da ɗan jan makunni a baya, a tabbatar yana kan 230, ba 115 ba, kafin a jona.

Wanda aka riga aka cuta kada kunya ta sa shi yin shiru. Sashe na 318 na dokar hukunta laifuka ta Kamaru ya haɗa sata da cin amana da zamba, hukuncinsu ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa 100,000 zuwa 1,000,000. A ajiye hotunan, da saƙon tura kuɗi ta waya, da akwatin da aka musanya, a kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma, sannan a sanar da maƙwabtan shago kamanninsa da irin maganganunsa, domin layi ɗaya suke bi shago bayan shago kafin su sauya unguwa.