Kafin ka zaɓi manhajar rubutu: wacce za ta kai aikinka shagon buga takardu lafiya?

Ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda sun san wannan ciwon kai. Ka tsara kundin kammala karatu a waya ko a kwamfutar ɗan'uwa, ka kai shago a buɗe, sai ka tarar jadawali ya tsallaka wani shafi, ko fayil ɗin ya ƙi buɗuwa sam. Mafarin matsalar shi ne kowace manhaja da irin fayil ɗin da take ajiyewa. Saboda haka kafin ka kashe kuɗi, duba inda rubutun zai je.

Microsoft Word shi ne ke hannun mafi yawan masu shaguna da ofisoshi. Tun daga Office 2007 yake ajiye rubutu a .docx, kafin nan .doc ne. In sana'arka buga wa mutane takardu ce, ina ganin sayen na asali ya fi, ko dai Microsoft 365 da ake sabuntawa duk wata ko duk shekara, ko wanda ake biya sau ɗaya. Na satar fasaha da ake ɗora wa mutane a arha yakan zo da cutar kwamfuta, ya shafa wa duk filashin da aka soka.

LibreOffice kyauta ne, ya fito a 2010, yana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma ba ya neman data. Ga mai kwamfuta a Talata Mafara ko Gummi da ba ya son dogara da intanet, shi nake ba da shawara. Sai dai a kula, in ba a canza masa ba .odt yake ajiyewa, don haka a zaɓi .docx da hannu. WPS Office na kamfanin Kingsoft na Sin ya fi dacewa da waya, amma na kyautar akwai talla. Google Docs yana da daɗi in malami zai duba aikin daga nesa, sai dai yana cin data. Mai Mac kuwa, fayil ɗin Pages, manhajar rubutu ta Apple, ba ya buɗuwa a Word, sai an fitar da shi a .docx. Filashi ma in za ta yi zirga-zirga tsakanin Mac da Windows, a tsara ta a exFAT, tsarin ajiya da duka biyun ke aiki da shi, domin Mac yana karanta NTFS, tsarin Windows, amma ba ya rubutu a kai.

Inda muka fi shan wahala mu masu rubutu da Hausa shi ne haruffa masu ƙugiya. Shekaru da dama ana amfani da salon haruffan Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, kuma sun yi wa Hausa hidima ƙwarai a lokacin da babu wata hanya. Dabararsu ita ce aron gurbin wasu alamomi a allon rubutu. In aka buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ba ta da su, sai ƙasa ta koma }asa, haɗin kai ya koma ha]in kai. Ba manhajar da za ka saya ta gyara wannan. Maganinsa a rubuta ɓ da ɗ da ƙ na Unicode, tsarin haruffa na bai-ɗaya na duniya, waɗanda Gboard, allon rubutu na Google, ke bayarwa a waya in an sa masa Hausa, kuma Times New Roman da Arial na Windows na yanzu suna nuna su daidai. Tsohon rubutu kuma a bi shi da umarnin nema da musanyawa, harafi bayan harafi.

In bugawa kawai za a yi, kada ka miƙa .docx. Mayar da shi PDF, wanda kamfanin Adobe ya fitar a 1993, domin yana riƙe shafi yadda ka tsara shi, galibi har da haruffan. Duk manhajojin nan suna fitar da PDF ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ka tabbatar girman takarda A4 ne, don wasu kwamfutoci kan zo a saite da Letter na Amurka. Sannan ka ajiye .docx ɗin a wurinka, saboda gyara a cikin PDF wahala ne, malami kuwa da wuya ya mayar da kundi babu jan biro.