GARGAƊI: N47,500 na biya, kakin kyandir aka aiko min

Salamu alaikum mata 'yan uwana. Kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Yau dai na ce ko dariya za a yi min sai na faɗa. N47,500. Kwasar adashina ce, wadda na yi wata biyar ina jira.

Kuma kada wata ta zo ƙasan nan ta ce garaje na yi. Shekara shida ina sayar da humra da turaren wuta, na san jabu in na gan shi, ko a Kasuwar Kurmi ba a taɓa yi min sakiyar da ba ruwa ba. Man leɓe ne kawai ban taɓa haɗawa ba. Na ga hunturu na ƙaratowa, kowa leɓe zai tsage, na ce bari in ƙara da wannan.

A wani guruf na WhatsApp na sami wata mata, wai tana koyar da haɗa man leɓe na gargajiya, tana kuma sayar da kayan haɗin. Kuɗin aji N5,000. To abin da ke ƙona min rai, duk abin da ta koyar gaskiya ne. Kakin zuma kashi ɗaya, man kaɗe kashi ɗaya, man kwakwa kashi ɗaya ko biyu in kina so ya yi laushi. Kada ki ɗora a wuta kai tsaye, ki sa kwano a cikin tukunyar ruwan zafi ya narke a hankali. Kada ruwa ya shiga don zai yi fumfuna. Zuma ba ta haɗuwa da mai, kwanciya take yi a ƙasa. Man kirfa da na na'a-na'a in sun yi yawa suna ƙona leɓe. Duk na bincika daga baya, haka ne. To wa zai ji wannan ya ce mai maganar ɓarauniya ce?

Ni da bakina na ce mata kilo biyu na kaki nake so. Ta turo saƙon murya, har yanzu yana wayata, na saurare shi ya fi sau talatin. "A'a 'yar uwa, ke mai koyo ce, kilo ɗaya ya ishe ki, kada ki zubar da kuɗinki." Ku ji fa. Mai kaya tana hana ni ƙara saye. A nan na saki jiki. Ina tsaye a kicin ina juya miya na ji saƙon, na ce a raina wannan baiwar Allah mai tsoron Allah ce. "Kada ki zubar da kuɗinki." Allah ya isa.

Kaya N38,000, kuɗin mota N4,500, da na aji, lissafa ku gani, N47,500. Au, na manta, kafin nan ma da na nemi ragi cewa ta yi man kaɗe ya yi tsada tunda gwamnati ta hana fitar da ƙwarar kaɗanya waje a watan Agustan 2025. Hanin da gaske ne an yi shi. Amma kayan da aka tsare a gida ai arha ya kamata ya yi, ba tsada ba. Wannan tunanin sai yanzu ya zo min, ranar kam "Allah sarki" na ce mata.

Asusun da ta turo sunan namiji ne. Na tambaya, kada ku ce ban tambaya ba. Ta ce na maigidanta ne, nata yana da matsala. Mu nawa ne a nan muke karɓar kuɗi ta asusun miji?

Da ƙanena ya karɓo kwalin a tasha, kakin fari ne fat, 'yan ƙwayoyi kamar shinkafa, babu ƙamshin komai. Na yi mata magana, lokacin ba ta toshe ni ba tukuna, ta ce tacacce ne. Kuma akwai tataccen kakin zuma fari, shi ya sa na yi shiru. Da na narka sai kicin ya ɗauki warin nan na daren da aka ɗauke wuta aka kunna kyandir. Na ce ƙila hancina ne. Na zuba roba 40, na manna takardar da na buga mai cewa kakin zuma da man kaɗe zalla. Kuɗin bugun ma ban sa a lissafi ba.

Ranar Juma'a, ko Alhamis ce, Hajiyar maigidana ta zo. A Kontagora ta tashi, tun tana yarinya suke daka ƙwarar kaɗanya. Ta lakaci man ta murza a bayan hannu. Man kaɗe na gaske da ya ji ɗumin jiki narkewa yake ya shige, da ɗan ƙaurinsa na hayaƙi. Wannan sai ya tsaya yana maiƙo, launin rawayan ya fita a fatarta. Ta shinshina ta ce kitse ne da kala. Ta ɗauki ƙwayar kakin ta tauna, ta tofar a tafin hannu. "'Yar nan, wannan ai kyandir ne. Ƙudan zuma bai san da shi ba." A gaban 'yar aikina. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na san ana sa irin wannan kakin a mayukan kanti, ba sai an faɗa min ba. Amma ni kakin zuma na biya, kuma sunana ne a jikin robar. Guda 12 sun riga sun fita, maƙwabta da 'yan Islamiyyarmu. Gida gida na bi ina karɓowa ina mayar da kuɗi. Ƙanwata kuwa leɓenta ya kwana yana raɗaɗi, ina zargin ruwan kwalbar da mai kayan ta aiko ta kira shi na'a-na'a ne.

Da na tura wa mai kayan hoton sai ta ce in jira ta tambayi mai kawo mata. Washegari hotonta ya ɓace, kira ba ya shiga, an fitar da ni daga guruf. Mata biyu sun neme ni ta gefe, ɗaya ma ko kwalin ba ta gani ba.

Ku je wurin mai zuma ku sayi kaki da hannunku, ku shinshina, na gaske ƙamshin zuma yake. Man kaɗe ku murza kafin ku biya. In sunan asusu ya bambanta, ku tsaya.

Hotunan hirarmu da rasit zan ɗora su da daddare in na rufe lambobin mutane, da saƙon muryar, ku ji da kunnenku yadda take cewa kada in zubar da kuɗina. N47,500. Abban yara har yanzu N20,000 ya sani. Sauran roba 28 suna nan a bayan firji cikin baƙar leda, na rasa inda zan kai su.